Babi na Shida: Intanet a Gida, Babu Wayar Girke

Ranar 5 ga Satumba, 2023, kamfanin Openreach, wanda ke kula da galibin wayoyin tarho da ke bin turaku da ƙarƙashin ƙasa a Birtaniya, ya daina sayar da sabon layin tarho irin na da a kusan duk faɗin ƙasar. Wanda yake da shi zai ci gaba da amfani da abinsa na ɗan lokaci. Wanda kuwa ya tare a sabon gida, ko ya sauya kamfani, ba za a ƙara ba shi irin wancan layi ba. Intanet za a ba shi, idan yana son tarho a ɗora masa a kanta. Mutanen ƙasar da yawa ba su ma san an yi ba, alhali a ranar ne aka juya tsarin da suka saba da shi fiye da shekara ashirin, inda tarho ne maigida, intanet kuwa baƙuwa ce da ke raɓe a ɗakinsa.

Ta ƙofar tarho intanet ta shiga gidajen Turai da Amurka. A shekarun 1990, mai son shiga intanet sai ya sa kwamfutarsa ta buga wata lamba, kamar yadda mutum ke kiran ɗan'uwansa. Na'urar da ke tsakani ta yi ta ƙara da tsuwa na wasu sakanni, sannan hanya ta buɗe. Muddin yana ciki, duk wanda ya kira gidan zai ji layi a toshe, kuma idan wani ya ɗaga kan tarho a falo, komai ya katse. Iyakar gudunta kilobit 56 a sakan ɗaya, wanda a yau ko hoto guda na WhatsApp sai ya sa mutum jira.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ana ɓarnar wayar nan ta jan ƙarfe. Muryar ɗan'adam, idan tarho ya mayar da ita lantarki, kaɗawarta a cikin waya ba ta wuce sau 3,400 a sakan. Wayar kuwa tana iya ɗaukar kaɗawar da ta haura sau miliyan, in dai nisan bai yi yawa ba. Duk wannan fili da ke sama da murya a banza yake zaune. A ƙarshen shekarun 1980, wani injiniya mai suna Joseph Lechleider, a cibiyar bincike ta Bellcore da ke Amurka, ya nuna cewa idan aka ba abin da ke saukowa zuwa gida fili mai faɗi, aka ba abin da ke fita daga gida ɗan ƙarami, za a rage yadda wayoyi ke damun juna, a kuma tura bayanai masu yawa. Daga nan aka samu fasahar ADSL, wadda kamfanin BT ya fara sayar wa gidaje a Birtaniya a shekarar 2000. Ana ba mutum wani ɗan farin akwati da bai kai kwalin ashana biyu ba, mai ramuka biyu. Ya soka shi a bango, ya sa igiyar tarho a rami ɗaya, ta intanet a ɗayan. Ɗan akwatin ne ke raba murya da bayanai, uwa ta yi hirarta a tarho, ɗa yana kan kwamfuta, ba mai tsare wa wani hanya.

To amma tun da wayar ta tarho ce, sai ka riƙe layin tarho kafin a ba ka intanet. Kowane wata ka biya kuɗi biyu, na intanet da na hayar layi. Da farko babu wanda ya damu, domin kowa yana amfani da tarhonsa. Da salula ta cika aljihu, sai aka wayi gari miliyoyin gidaje suna biyan hayar layin da ko kan tarho ba su jona masa ba. Kuɗin kuma sai hawa yake yi. Zuwa 2017, hayar layin BT ta kai fam 18.99 a wata. Kamfanoni suka riƙa tallar intanet da farashi mai rahusa da manyan haruffa, wani lokaci ma su ce kyauta ce na wasu watanni, kuɗin layi kuwa yana can ƙasa da ƙananan haruffa. Abin ya yi yawa har hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar ta hana, daga 31 ga Oktoba, 2016, ta ce dole a haɗe kuɗin biyu a nuna wa mai saye jimla ɗaya.

Kukan mutane a lokacin shi ne, an mayar da su kamar mai sayen nama da mahauci ya ce masa ba zai auna masa tsoka ba sai da ƙashi. Ina ganin suna da gaskiya wajen jin haushin ɓoye farashi, domin yaudara ce ƙarara. Amma akwai abin da suka kasa gani, kamfanonin kuma ba su damu su bayyana musu ba. Kaso mai tsoka na kuɗin hayar layi na wayar ne ita kanta: turken da ke bakin titi, ramin da aka haƙa, ma'aikacin da zai fito cikin ruwan sama ya gyara idan ta tsinke. Ko ka yi kira ko ba ka yi ba, intanet ɗinka a kan wannan waya take tafiya. Shi ya sa a ƙasashen da suka riga Birtaniya raba su, ragin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Qwest ya fara sayar da intanet ba tarho a Amurka a 2004. A ƙarshen 2006, da AT&T ya nemi haɗiye BellSouth, sayar da irin wannan intanet na cikin sharuɗɗan da ya amince da su kafin hukuma ta sa hannu. A Ostareliya, iiNet ya kawo ta a 2007. Birtaniya ta makara. In ban da masu amfani da kebul na Virgin Media da 'yan ƙananan kamfanonin zaren gilashi, sai wajen 2020 Openreach ya buɗe wa kowa tsarin da ake kira SOGEA, inda zaren gilashi ke zuwa koren akwatin da ke bakin titi, tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa da intanet cikin gida da gudun da zai iya kai megabit 80, ba tare da lambar tarho ba.

Ba don tausayin masu biyan kuɗi kaɗai aka yi hakan ba. Injinan da ke cibiyoyin haɗa layuka na Birtaniya, irin su System X, tun shekarun 1980 aka girka su. Masana'antu sun daina ƙera kayan gyaransu, injiniyoyin da suka san cikinsu suna ta yin ritaya, lalacewa tana ƙaruwa. BT ya yanke shawarar kashe tsohon tsarin gaba ɗaya a ƙarshen Disamba 2025. Wanda ke son tarhon gida zai zare igiyarsa daga bango, ya soka ta a wani koren rami da ke bayan na'urar intanet, wadda muke kira rauta. Lambarsa tana nan, kan tarhonsa shi ne dai, murya ma ta fi fita tas. A takarda, babu abin da mutum ya rasa.

Akwai abin da ya rasa, kuma a kansa nake son mai karatu ya tsaya.

Tsohuwar wayar tarho ba murya kaɗai take ɗauka ba, har da wuta. Daga cibiyar haɗa layuka ake turo lantarki mai ƙarfin bolt 50 ko kusa da haka, ya biyo wayar har cikin gida. Cibiyar tana da manyan batura cike da ɗaki, tana da janareta. Saboda haka idan wutar unguwa ta ɗauke, firji ya tsaya, talabijin ya mutu, tarho mai igiya yana nan da ransa. Mutum ya lalubo shi cikin duhu, ya danna 999, lambar gaggawar da Birtaniya ke amfani da ita tun 1937, a amsa masa, a kuma ga adireshin gidansa ko da ya kasa magana. Shekara da shekaru ana haka har mutane suka manta cewa wani ne ya tsara shi, suka ɗauka ɗabi'ar tarho ce.

Zaren gilashi ba ya yin haka. Haske yake ɗauka, gilashi kuwa lantarki ba ya bin sa. A garin Harlow na Ingila ne Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna a 1966 cewa idan aka tace gilashi sosai zai iya kai saƙo nesa, aikin da ya jawo wa Kao kyautar Nobel a 2009. Zare ɗaya mai sirantar gashin kai yana ɗaukar abin da dubban wayoyin jan ƙarfe ba za su iya ba, ruwa ba ya sa shi tsatsa, nisa ba ya gajiyar da shi da wuri. Amma a bakinsa na cikin gida dole a sa ɗan akwati mai mayar da haske lantarki, a sa rauta, kuma dukansu daga soket ɗin bango suke ci. Ko a gidan da har yanzu jan ƙarfe ne ke kawo intanet, tun da tarho ya koma bayan rauta, wuta na ɗaukewa shi ma ya yi shiru. Nauyin da kamfani ke ɗauke da shi a cibiyarsa ya sauka a kan maigida, ba tare da an zauna an yi masa bayani ba.

A daren 26 ga Nuwamba, 2021, guguwar da aka sa wa suna Arwen ta afka wa Sikotilan da arewacin Ingila. Ta kayar da itatuwa a kan wayoyin lantarki, gidaje kusan miliyan ɗaya suka shiga duhu, wasu suka haura mako guda a haka, cikin tsananin sanyi. Turakun salula da yawa su ma baturansu suka ƙare. A ƙauyukan da aka riga aka mayar da mutane sabon tsari, sai ga tsoho a gida shi kaɗai, babu wuta, babu sabis a salula, ya ɗaga tarhon da bai taɓa ba shi kunya ba, ya ji tsit. Ƙorafi ya yi yawa har a watan Maris na 2022 BT ya dakatar da sauya wa mutane layi, ya kuma ba da haƙuri a bainar jama'a.

Sai kuma maganar 'yar na'urar neman agaji. A Birtaniya tsofaffi da yawa su kaɗai suke zaune, 'ya'ya suna wasu garuruwa. Kusan mutum miliyan biyu ne ke rataye da wani ɗan maɓalli a wuya ko a hannu. Tsohuwa ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye, ba ta iya rarrafawa zuwa falo. Sai ta danna maɓallin, wani akwati da ke jone da layin tarho ya buga wa cibiyar agaji, murya ta fito daga lasifika tana kiran sunanta, a turo maƙwabci ko motar asibiti. Akwatunan nan da yawa an ƙera su ne don tsohon layi. A kan sabon, wani ya yi aiki, wani ya yi yau gobe ya ƙi, kuma dukansu suna mutuwa idan rauta ta mutu. Kamfanin tarho sau da yawa bai san gidan da ke da irin wannan akwati ba, domin ƙaramar hukuma ce ko wani kamfani daban ya girka shi. Bayan an samu munanan al'amura, a Disamba 2023 gwamnati ta tara manyan kamfanonin, suka sa hannu cewa ba za su ƙara sauya wa mai irin wannan na'ura layi ba sai sun tabbatar za ta yi aiki. A Mayu 2024 BT ya ɗage ranar kashe tsohon tsari zuwa ƙarshen Janairu 2027. Haka aka riƙa gano wasu abubuwa da ke rataye da tsohuwar waya ba a sani ba: tarhon gaggawa na cikin lif, ƙararrawar ɓarayi da ta gobara, wasu injinan karɓar kuɗi a shaguna.

Hukumar Ofcom, mai kula da sadarwa a ƙasar, tun 2018 ta ce dole kamfani ya samar da hanyar da mutum zai iya kiran agaji na aƙalla awa ɗaya bayan ɗaukewar wuta, kuma kyauta ga wanda ya dogara da tarhon gida. Awa ɗaya ta yi kaɗan ƙwarai ga wanda ya yi kwana bakwai a duhu. Duk da haka ina ganin darajar wannan doka, domin ta amsa cewa alhakin yana wuyan kamfani. Kashe tsohon tsari daidai ne, ba za a yi ta lallaɓa injin da ya shekara arba'in ba. Kuskuren shi ne an lissafa sauyin da idon matashi mai salula biyu a birnin Landan, aka bar tsohuwar ƙauye a ƙarshen lissafi, alhali ita ce ta fi kowa riƙe da wayar.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa, mu ina ruwanmu, yaushe muka ga wayar girke balle mu yi kewarta? Da gaskiyarsa. Lokacin da NITEL, wanda aka kafa a 1985, ke riƙe da tarho shi kaɗai, layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Lamba mai farawa da 064 a Kano, ko 062 a Kaduna, sai ofisoshin gwamnati, bankuna, manyan 'yan kasuwa da gidajen da suka yi sa'a. Sauran jama'a su bi layi a ofishin NITEL ko shagon buga waya. A Janairu 2001 aka yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, kira naira 50 a minti. Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan. Cikin 'yan shekaru wayar girke ta zama labari, NITEL ya durƙushe, aka sayar da kadarorinsa. Tun da babu jan ƙarfe a bangon gidajenmu, ADSL ba ta samu inda za ta sauka ba. Intanet ba tarho, wadda Baturen Ingila ya yi shekaru yana roƙo, ita kaɗai muka taɓa sani.

Sai dai abin da ya firgita mutanen Birtaniya a daren Arwen, shi ne zamanmu na kullum. Shiga gidan da aka sa intanet a kowace unguwa ta Kano ka duba. Rauta tana kan taga ko saman kabad, inda aka gano sabis ya fi kamawa bayan an zagaya da ita ɗaki-ɗaki. A gefenta akwai ɗan baƙin batir da aka sayo a kasuwar Farm Centre, igiya ta fito daga cikinsa ta shiga bayanta, domin idan NEPA ta ɗauke kada karatun yaro ko cinikin uwargida ya tsaya. Wanda ya fi ƙarfi ya haɗa ta da inbata da sola. Rauta ba ta da ci, wutar da take sha ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya na zamani ba, shi ya sa ƙaramin batir ke riƙe ta awanni. Babu hukumar da ta koya wa mutane wannan dabara, babu kamfanin da ya raba musu batir. Da kuɗinsu suka saya, kuma ba su taɓa jin cewa a wata ƙasa ana ɗora wa kamfani wannan nauyi ba.

Batirin cikin gida kuma rabin magana ne. Galibin intanet ɗin gidajenmu ta iska take zuwa, daga ƙarfen sabis da ke unguwa, ko ta 4G ko ta 5G da MTN ya fara a 2022. Ƙarfen nan da man dizal yake rayuwa, kuma duk unguwa ce ke rabon abin da yake fitarwa, shi ya sa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya, gudun ke raguwa. Kira, saƙo, turin kuɗi da intanet ɗin gida duk a wuyansa suke. Mutanen Zamfara sun ga ma'anar haka a Satumba 2021, da aka rufe sabis a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. Ba wata waya ta biyu da za a koma mata. Mutum sai ya shiga mota zuwa wata jiha don ya ji muryar ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa.

Zaren gilashi ya iso gaɓar Legas da yawa: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, da huɗu daga cikin igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Amma babbar wahalar tana kan tudu, wajen jawo zaren daga teku zuwa Arewa, daga babban titi zuwa lungu. Jihohi sun daɗe suna karɓar kuɗi mai yawa a kan kowace mita da aka haƙa. An yi matsaya a kan naira 145, ba kowace jiha ce ta bi ba, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020. Inda aka binne zaren ma, masu aikin titi su tsinke shi da katafila, ɓarayi su tone shi suna zaton jan ƙarfe ne. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ta kuma sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000. Kafin nan, Starlink ya shigo a Janairu 2023, Najeriya ce ƙasar farko da ya fara aiki a Afirka, kuma cikin shekara biyu ya zama na biyu a yawan masu rajista a cikin kamfanonin da intanet kaɗai suke sayarwa. Faifansa ba ya jiran kowa ya haƙa rami, sama kawai yake kallo. Sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma wutar da yake sha ta ninka ta rauta sau da yawa, ɗan batirin Farm Centre ba zai riƙe shi ba.

Duk wanda zai sa intanet a gida, kafin ya tambayi gudunta, ya fara tambayar awa nawa za ta yi bayan an ɗauke wuta, a gidansa da kuma a wajen kamfanin, domin akwatin da ke raba zare a unguwa ko ƙarfen da ke turo sabis shi ma yana iya mutuwa alhali rautarka tana kunne. Ya tambayi maƙwabtan da suka riga shi kwana nawa ake yi kafin a gyara idan zare ya tsinke. Idan an ce masa data marar iyaka ce, ya nemi a faɗa masa gigabait nawa zai sha kafin a rage masa gudu, domin sau da yawa akwai wannan sharaɗi a ƙasan takarda. Kada layin rauta da na wayar hannunsa su zama na kamfani ɗaya. In kuma akwai tsoho ko mara lafiya a gidan, a ajiye masa ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda cajinta ke kwanaki, a sa mata kati, a adana lambar ɗa ko maƙwabci a maɓalli na farko, a kuma nuna masa lambar gaggawa ta 112.